Tsaron Shafin Intanet da Kalmar Sirri: Darasi ga Ma'aikatu da 'Yan Kasuwar Maiduguri

A ranar 28 ga Maris, 2015, ana tsakiyar zaɓen Shugaban Ƙasa, waɗansu masu kutse suka shiga shafin intanet na Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, suka sauya abin da ke fuskarsa. Haka kuma a watan Disamba na 2024 aka kutsa shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, har ta gargaɗi jama'a da kada su yarda da duk abin da suka gani a kai. Shafin ya yi makonni a rufe. In manyan hukumomi ba su tsira ba, to, wajibi ne kowace makaranta, da asibiti, da kanti a Maiduguri su kula da nasu.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ɓarayin shafi suka fi bi iri uku ce: kalmar sirri mai sauƙin cinta, da manhajar da aka daɗe ba a sabunta ba, da saƙon yaudara wanda ke sa ma'aikaci ya ba da sirrinsa da hannunsa.

Idan kutse ya auku, ga abin da ya kamata a yi bi da bi.

Na farko, a sanar da kamfanin da ke ajiye shafin, a rufe shi na ɗan lokaci, don kada ya cuci masu ziyara.

Na biyu, a canja dukkan kalmomin sirri, har da na imel, daga wata kwamfuta mai tsabta. A kuma soke duk sunan mai kula da shafi wanda ba a san shi ba.

Na uku, a adana shaidar abin da ya faru, sa'an nan a kai rahoto ga ngCERT, da ke ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Idan bayanan mutane suka fita, kuma akwai haɗarin cutuwarsu, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'a 72.

Na huɗu, a mai da shafin daga kwafin da aka ajiye kafin kutsen, a toshe ƙofar da aka shigo ta nan. In ba haka ba, ɓarawon zai komo.

Mataki na huɗu ba ya yiwuwa sai ga wanda ya yi tanadi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Maiduguri sun ga zahiri a Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Kasuwar Monday da ofisoshi da gidaje. Kwafin da ke ɗaki ɗaya da kwamfutar da aka ɗauko shi, halaka ɗaya ce ke cin su. Saboda haka a riƙa ɗaukar kwafi a kai a kai, a ajiye ɗaya a wani wuri dabam, a kuma gwada shi don a tabbata yana buɗuwa.

Game da kalmar sirri kuwa, tsawo shi ne ƙarfinta. A haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka, a guji sunan ɗa, ko ranar haihuwa, ko lambar waya. Kada a yi amfani da guda ɗaya a wurare biyu. A ƙara makulli na biyu, wato lambar da ke zuwa a wayar mai shafin duk sa'ad da za a shiga. Ma'aikacin da ya bar aiki kuma, a soke izininsa ran nan.

Bayanan ɗalibai, da marasa lafiya, da abokan ciniki amana ce a hannun mai shafi, kuma shi za a tambaya in sun salwanta.