Malamai, ku shigo da citta cikin aji

Malaman sakandare na Kafanchan da kewaye, ba sai an sayo kayan gwaji daga Turai ba kafin darasi ya yi armashi. Ga citta nan a ƙofar gida. Ku sa ɗalibai su kawo ɗanya. Malamin lissafi ya sa su auna nauyinta, su tsaga, su shanya, in ta bushe su sake aunawa, su fitar da kashi nawa cikin ɗari ya ragu. Malamin aikin gona ya ɗora da bayanin cutar da ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba a 2023. Da yawa cikin yaran nan a gidajensu aka yi asarar, suna da abin faɗa. Malamin Turanci kuma ya karɓi rahoton a rubuce.

Tarihi ma yana kusa. A ƙauyen Nok, kusa da Kwoi, masu haƙar kuza suka tono sassaƙen yumɓu a 1928. Ku kai yaran can.

Ku zauna tare tun farkon zango ku tsara lokaci. Aikin citta ya fi dacewa da Nuwamba zuwa Disamba, lokacin haƙa da iskar hunturu.