Yadda Ake Zaɓen Zare da Keke da Sandar Fatsa don Ruwan Bakolori

Yawancin masu son fara fatsa da kayan zamani daga sanda suke farawa, domin ita ce ke ɗaukar ido. Mutum zai ga bidiyon Ba'amurke a waya yana wurga kifin roba yana fizgo kifin bas, sai ya yi odar irin sandar da ya gani. A nan ake zubar da kuɗi. Sanda ita ce ta ƙarshe a sayayya. Kifin da kake nema da ruwan da yake ciki su ne za su faɗa maka kaurin zare, zare ya zaɓar maka keken naɗi, sannan keke ya zaɓi sanda.

Mataki na farko: san ruwan da kifinsa

An kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sokoto a 1978, a ƙasar Maradun, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta. Tafkin da ta tara ya kai kimanin hekta 8,000, kuma da ya cika ya haɗiye gonaki da itatuwa da tsofaffin matsugunai. Wannan tarihi ya shafi mai fatsa kai tsaye. A ƙarƙashin ruwan akwai kututture da saiwoyi da duwatsu, nan kifi yake fakewa, nan kuma zare yake tsinkewa. Ƙasa da madatsar ruwa ya rabu: ga kogin da ya gangara, ga magudanan noman rani da suka ratsa ƙasar Talata Mafara da Bakura, ga kuma tafkuna irin na Natu. Kayan da ya dace da magudanar ruwa ba shi zai yi maka aiki a gindin kututturen dam ba.

Abin da za ka fi kamawa kullum shi ne tarwaɗa da karfasa da kurungu. Giwan ruwa, wanda shi ne ya fi kama da bas ɗin Turawa a hali, tun da shi ma maharbi ne mai laɓewa ya kai wa ƙananan kifaye sura, sai an dace kuma an sha zama. Sai dai dubi tazarar girma da ke tsakaninsa da bas. Ɗaya daga cikin bas mafiya girma da aka rubuta an kama da fatsa, a jihar Jojiya ta Amurka a 1932, kilo 10 ne da 'yan kai. Giwan ruwan da aka kama da fatsa a tafkin Nasir na Masar a 2000 ya haura kilo 100, na bikin Argungu na 2020 kuwa kilo 78. Ba wai irin waɗannan za ka riƙa cin karo da su ba, amma ko mai kilo 15 ya isa ya wargaza kayan da aka ƙera don bas.

Saboda haka ka yanke shawara tun yanzu: kayan sauƙi na karfasa da matsakaiciyar tarwaɗa, ko kaya masu nauyi na giwan ruwa da ramboshi. Kaya ɗaya ba ya yin duka biyun da kyau. Idan aljihu na ɗaya ne, fara da na sauƙi.

Kafin ka sayi ko ƙugiya ɗaya, je ka gaida Sarkin Ruwan wurin, ka zauna da masunta. Su suka san inda aka shimfiɗa kalli da mamari, inda aka hana su, da kuma bakin ruwan da ba a zuwa yanzu saboda matsalar tsaro. A yankin Maradun wannan magana ta ƙarshe ba ta wasa ba ce: kada ka tafi kai kaɗai, kada ka bari magariba ta same ka a inda mutanen gari ba sa kaiwa yamma.

Mataki na biyu: zare

Nan ne ya kamata ka daɗe. Zare iri uku ne a kasuwa.

Na farko zaren nailon, irin wanda masunta suka saba da shi, kuma da wuya ka rasa shi wurin masu kayan su ranar kasuwar Mafara. Yana da araha, yana karɓar ƙulli, yana kuma miƙewa idan kifi ya fizga, wannan miƙewar tana rufa wa ɗan koyo asiri. Aibinsa rana. Wanda ya daɗe a shanye a rumfa yakan bushe ya yi rauni ko da ba a taɓa jiƙa shi ba. Kafin ka biya, warware kamu biyu, yi masa ƙulli ɗaya, ka ja da ƙarfi. In ya katse a kan ƙullin ba da wahala ba, ko ka ga ya yi fari-fari yana barin gari a yatsa, ajiye shi. Don kayan sauƙi nemi mai kaurin milimita 0.25 zuwa 0.30, wanda yakan ɗauki kilo 4 zuwa 7 gwargwadon ingancinsa. Don manyan tarwaɗa a cikin kututture, 0.40 ko sama da haka.

Na biyu tufkakken zare, wanda aka kitsa daga siraran zaruruwa huɗu ko takwas. Siriri ne ƙwarai idan aka gwada da ƙarfinsa, ba ya miƙewa, ko taɓa ƙugiya kifi ya yi za ka ji a hannunka. Shi ya dace da giwan ruwa: nemi mai ɗaukar kilo 14 zuwa 23, wanda a kwalinsa za ka ga an rubuta 30 ko 50 a ma'aunin fam. Amma yana da tsada, goga ɗaya a kaifin dutse takan raba shi biyu, kuma kada ka kuskura ka naɗe shi a yatsa ka ja in ƙugiya ta maƙale, yanka yake yi kamar reza. Naɗe shi a guntun itace.

Na uku fulorokabon. Kifi ba ya ganinsa sosai a ruwa, yana kuma jure goga. Ni dai ban ga dalilin cika keke da shi a ruwanmu ba. Da damina ruwan ja ne, kifi da ƙyar yake ganin abin da ke gabansa, balle zare. Amfaninsa a yi guntun gaba da shi, wato zaren da ke tsakanin babban zare da ƙugiya.

Guntun gaban nan dole ne ga mai neman giwan ruwa. Marfin kunnensa yana da kaifi, kuma idan ya ji ƙugiya yakan yi tsalle ya girgiza kai, ko ya nutsa ya nufi dutse. Sa masa nailon ko fulorokabon mai kaurin milimita 0.70 zuwa 0.90, tsawon mita ɗaya. In kuwa wurin akwai tsage, haƙoransa ba sa barin nailon kowane iri, sai siririyar waya mai tsawon taƙi ɗaya.

Ƙugiya kuma lambarta a juye take: lamba 10 ta fi lamba 4 ƙanƙanta. Bayan lamba 1 sai 1/0, 2/0, daga nan girma yake hawa tare da lamba. Karfasa 8 zuwa 12, tarwaɗa 2 zuwa 3/0, giwan ruwa 5/0 zuwa sama. Gwada tsininta a farcenka: in ta zame ba ta kama ba, ta dakushe.

Mataki na uku: keke

Akwai keken da ke rataye a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa a tsaye, zare yana zubowa daga bakinsa. Akwai kuma wanda ke zaune a saman sanda, kwarkwaronsa yana juyawa, shi ne ake yawan gani a bidiyon masu kamun bas. Ka bar na biyun tukuna. In babban yatsanka bai saba tsayar da shi ba, wurgi ɗaya zai cukurkuɗe maka zare ka wuni kana warwara. Na ƙasan shi ne na mai farawa, kuma ko gwanaye ba su raina shi ba.

Girmansa a rubuce yake a jiki. Lamba 2500 ko 3000 ta ishi kayan sauƙi. Don giwan ruwa nemi 5000 ko 6000, wanda zai ɗauki aƙalla mita 150 na zarenka. Za ka kuma ga lamba irin 5.2:1, ma'ana duk juyi ɗaya na hannu, keken yana naɗa zare sau biyar da ɗan ɗori. Wannan ta isa.

Abin da ya fi komai muhimmanci a keke shi ne birkinsa, maɓallin nan na saman kwarkwaro da ake murzawa. Aikinsa ya saki zare a hankali idan kifi ya fi ƙarfin zaren, maimakon ya tsinke. A gaban mai shago, ɗaure birkin kaɗan ka ja zare ko ka murza kwarkwaron da hannu. Ya kamata ya tafi sumul. In yana cijewa yana saki, yana cijewa yana saki, kada ka saya ko da an rubuta masa ƙwallaye goma sha biyu a kwali. Yawan ƙwallayen ƙarfen cikin keke da ake tallatawa ba shi ne inganci ba, huɗu masu kyau sun fi. Girgiza hannun keken ka ji ko yana lilo. Shimano da Daiwa na Japan, da Penn na Amurka, sunaye ne da aka sani, amma jabu ya yi yawa, kuma araha ba ta ado: in farashin ya yi daɗin da bai kamata ba, ka yi shakka. Keke ba ya cikin kayan da ake samu ko'ina, sau da yawa sai an aika Kano ko an yi oda ta intanet. In oda ce, sharɗanta cewa za ka duba kafin ka karɓa.

Mataki na huɗu: sanda

Yanzu abin ya zo da sauƙi. A jikin kowace sanda ta kirki, sama da mariƙi, an rubuta tsawonta da ƙarfin zaren da take ɗauka da nauyin abin da za ta iya wurgawa. Daidaita wannan da zaren da ka riga ka zaɓa. Tsawon mita 2.1 zuwa 2.4 ya yi wa mai tsayawa a gaɓa, na cikin kwalekwale kuwa mita 1.8 zuwa 2.1. Matsakaiciya ga kayan sauƙi, mai tauri ga giwan ruwa.

Ta gilashin faiba tana da nauyi amma tana jure wahala. Ta kabon ba ta da nauyi, tana isar da motsin kifi zuwa hannu, sai dai bugu ɗaya a bayan babur yakan bar mata tsagar da ba a gani sai ranar da babban kifi ya kama. Ga wanda zai riƙa goya kayansa daga Mafara zuwa bakin dam, faiba mai gaɓa biyu ta fi. Masu zugewa irin na eriyar rediyo suna da daɗin ɗauka, amma yashi yana shiga gaɓoɓinsu su cije. Zura ɗan audugar kunne cikin kowane zoben sandar: in audugar ta maƙale, zoben ya tsage, kuma zai ci maka zare. Sandar kabon tana ɗaukar lantarki, don haka in hadari ya taso ka kwantar da ita ka bar bakin ruwa, ka kuma kula da wayoyin wuta a sama.

Kada a manta, a magudanan ruwa da ƙananan tafkuna doguwar gora da nailon da guntun totuwa da tana suna kama karfasa fiye da keken dubban nairori. Wanda nan ne wurinsa, ba ya bukatar komai daga abin da aka lissafa sai nailon da ƙugiya mai kaifi.

Mataki na biyar: haɗa kaya

Ɗaura keke a sanda. Zura zare ta zoben da ya fi kusa da keke, buɗe bakan ƙarfen da ke kewaye da kwarkwaro, ƙulla zaren a kwarkwaron, rufe bakan. Riƙe zaren da jiƙaƙƙen tsumma don ya shiga a matse, ka yi ta naɗi. Tsaya idan ya rage milimita 2 zuwa 3 ya kai baki. In ka cika fiye da haka zai riƙa zubowa a dunƙule, in ka rage da yawa wurginka ba zai yi nisa ba. Tufkakken zare yana santsi a kan ƙarfe, don haka fara shimfiɗa mita goma na nailon a ƙasa ka ɗaura shi a kai.

Ƙulli ɗaya ya ishe ka farawa. Ninka bakin zare biyu, zura ninkin ta idon ƙugiya, yi ƙulli sassauƙa da ninkin ba tare da ka ja ba, zura ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin madaukin da ya rage, jiƙa da miyau, sannan ka ja a hankali har ya zauna. Jiƙawar ba al'ada ba ce kawai, busasshen nailon yana ƙonewa da gogar kansa ya yi rauni.

Sai saita birki, wanda kusan kowa ke yi da ka. Ƙa'idar ita ce ya fara saki a kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. In zarenka na kilo 12 ne, zuba lita 3 zuwa 4 a bokitin roba, ɗaura zaren kai tsaye daga keke, ɗaga a hankali, ka yi ta sassauta birkin har bokitin ya fara sulalewa ƙasa. Bar shi a nan. Idan kifi ya ja ka ji keke yana kuka, kada ka ƙara matsewa, kada kuma ka yi ta juya hannu yana saki, murɗe zare kawai kake yi. Ɗaga sanda, sauke ta kana naɗi, ka sake ɗagawa. In ya nufi kututture, karkatar da sandar gefe ka juya masa kai.

Wurgi kuwa a fili ake koyonsa, ba a ruwa ba. Ɗaura dalma ba ƙugiya, riƙe zare da ɗan ali, buɗe baka, kai sanda baya, kawo ta gaba, ka saki yatsa lokacin da tsininta ya wuce saman kanka kaɗan. Duba bayanka kullum, yara ba sa rabuwa da mai fatsa.

Lokaci mafi kyau shi ne daga asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Da sanyin Disamba da Janairu kifi yakan yi nauyin baki, ka jira rana ta ɗumama ruwa. Kada ka tsaya kusa da ƙofofin dam ko kan gangaren siminti na babbar magudana, gansakuka tana da santsi kuma ana iya sakin ruwa ba ka sani ba. Rage shiga ruwa maras gudu da ƙafa saboda tsargiya.

Bayan kowace fita, shafa mita biyu na ƙarshen zare tsakanin yatsu, in ka ji kaushi yanke ka sake ƙulli. Goge keke, sassauta birkinsa gaba ɗaya kafin ajiya, ka sa shi a jaka saboda ƙurar hunturu. Ɗigon man keken ɗinki a hannu da bakan ƙarfe ya wadatar, amma kada mai ya taɓa zare. Nailon a canza shi duk shekara, kuma a ajiye shi a ɗaki inda rana ba ta kaiwa.