Darasi na 18: Shekarar da Kofin Gwamna Ya Zo Kano

A ƙasar Dambatta da Bichi da Tsanyawa gonaki sun haɗe da juna, har da wuya a ga fili wanda ba a noma shi. Saboda haka da damina yara ba su da wurin wasa sosai sai filin makaranta. Amma da kaka ta yi, an yanke gero da dawa, an cire gyaɗa, sai kowace gona ta zama filin tamaula. Yara sukan kafa kara biyu nan, biyu can, su ɗaure tsumma ya zama ƙwallo, su yi ta bugawa har magariba.

Wannan wasa ba na gargajiya ba ne kamar langa da kokawa. Daga Ingila Turawa suka zo da shi. A Arewa kuwa makarantu ne suka taimaka ƙwarai wajen yaɗa shi. A cikin 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, a 1927 kuma aka kafa Midil ta Kano, wadda yanzu ake kira Kwalejin Rumfa. Ɗalibai suka koyi wasan a irin waɗannan makarantu, da suka zama malamai kuma suka kai shi garuruwa da ƙauyuka. Ma'aikatan reluwe da na kamfanoni su ma suka kafa ƙungiyoyinsu a manyan birane.

A cikin 1945 aka fara gasar wani kofi wanda Gwamnan Nijeriya, Sir Arthur Richards, ya bayar. Don haka aka sa masa suna Kofin Gwamna. Ƙa'idar gasar mai sauƙi ce, amma mai tsanani. Ƙungiya biyu za su kara, wadda aka ci ta fita ke nan sai baɗi. Haka za a yi ta yi har a rage biyu, su kuwa su yi karon ƙarshe a filin Onikan na Ikko.

Shekara takwas a jere, watau daga 1945 zuwa 1952, kofin nan bai bar Ikko ba. 'Yan Marine suka fara ɗaukarsa. 'Yan Reluwe na Ikko kuwa sau huɗu suka ci shi, a 1946 da 1948 da 1949 da 1951. Mutanen Fatakwal da na Warri sun kai karon ƙarshe, aka kore su. A 1951 'yan Filato suka zo daga Jos, suka yi ƙoƙari matuƙa, amma Reluwe ta ci su 3 da 2.

Ba abin mamaki ba ne, gama Ikko ce hedkwatar ƙasa a lokacin, can kuma gwanaye suka taru. Ko a 1949, da aka zaɓi 'yan wasan Nijeriya aka tura su Ingila a jirgin ruwa, yawancinsu daga ƙungiyoyin Ikko suka fito. Da yawansu ba takalmi suka yi wasa, duk da haka suka ci wasansu na farko 5 da 2. Ganin haka ya sa mutane suka ɗauka ba wanda zai iya ja da Ikko.

Sai ga shekarar 1953 ta zo. Zamanin nan Sarkin Kano Abdullahi Bayero yana cikin shekararsa ta ƙarshe a kan gado, dalar gyaɗa kuwa tana tsaye a Kano. Shekara ce mai wuya, domin a watan Mayu an yi rigimar siyasa a garin tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu, har aka yi hasarar rayuka da dukiya. A cikin wannan shekara ce aka zaɓo gwanayen 'yan wasan garin, aka haɗa su ƙungiya guda da sunan Kano.

Ƙungiyar nan ta yi ta tsallake karo bayan karo har ta kai na ƙarshe. Abokan karawarta su ne 'yan Dynamos na Ikko. Su suna gida, ga 'yan kallo nasu, ga fili wanda suka saba da shi. Mutanen Kano kuwa baƙi ne, tsakaninsu da gida wajen mil 700 ta hanyar jirgin ƙasa. Kuskure ɗaya ya isa ya ɓata wahalar shekara guda. Amma da alƙalin wasa ya busa usur na tashi, Kano tana da 2, Dynamos tana da 1. Ran nan kofin ya bar Ikko, abin da ba a taɓa gani ba, ya nufo Arewa.

Mutum goma sha ɗaya ne a kowane gefe, ba kuwa wanda zai ci wasa shi kaɗai, kome gwanintarsa. Mai tsaron gida yana dogara da 'yan baya, 'yan gaba suna jiran 'yan tsakiya su miƙo musu ƙwallo. Wanda zai miƙa ƙwallo ba ya tsayawa tambayar garin abokinsa ko harshensa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Riƙe kofi ya fi ɗaukarsa wuya. A 1954 Kano ta sake kaiwa karon ƙarshe, amma mutanen Kalaba suka ci ta 3 ba ko ɗaya. Daga nan aka yi ta jira. Sunan gasar ya sake sau da yawa, ƙungiyoyi suka tashi suka faɗi. Sai a 2019 Kano Pillars ta ci Niger Tornadoes da bugun fanareti a Kaduna, kofin ya komo Kano bayan shekara 66.

Tambayoyi

1. Don me yaran karkara suka fi yin tamaula da kaka?
2. Wane ne ya ba da Kofin Gwamna, a wace shekara aka fara gasarsa?
3. Sau nawa 'yan Reluwe suka ci kofin kafin 1953?
4. Faɗi abu biyu da suka sa wasan 1953 ya yi wa Kano wuya.
5. Mene ne ma'anar karin maganar da ke cikin darasin nan?
6. Rubuta layi goma a kan wani wasa da makarantarku ta yi.