Amsar Tambaya: Waya Kaɗai Gare Shi, Ta Ina Zai Fara?

Wani matashi daga Katuru, mai shirin karatun kwamfuta a Foliteknik ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ya tambayi wannan fili yadda ɗan koyo zai saba da baƙin allon umarni.

Wayar Android ta wadatar. Ya sauke manhajar Termux daga rumbun manhajoji na F-Droid, ya fara da pwd mai nuna inda yake, da ls mai jero fayiloli, da cd mai shiga folda. In hannu ya faɗa, sai pkg update, sannan pkg install python, wanda zai jawo Python haɗe da duk abin da take buƙata. A kwamfuta mai tsarin Ubuntu, apt ke wannan aiki.

Ya dai yi hattara da rm, domin fayil ɗin da ta goge ba ya shiga kwandon shara.