Kuturtar Gyaɗa Da Yadda Take Yaɗuwa

Manoman Danko da sauran ƙasar Zuru sun san kuturtar gyaɗa: shuka ta tsumbure, ganye ya murɗe ya yi ɗorawa-ɗorawa, in an tona a tarar ba 'ya'ya. Ita ce ta yi wa Arewa mugun ta'adi a 1975, ta cinye gyaɗa ta wajen hekta 700,000.

Abin da ke kawo ta wata 'yar ƙwayar cuta ce da ake kira bairas. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta kuwa iya hayayyafa ita kaɗai. To, jikin gyaɗa ƙananan ɗakuna ne birjik waɗanda ido ba ya gani, kowanne cike da ma'aikata, watau furotin iri iri, masu gina ganye da 'ya'ya. Bairas ba ta zuwa da kome sai umurni. Ma'aikatan nan kuwa ba su rarrabe umurnin mai gida da na baƙo, sai su yi ta ƙera mata kayan da za ta riɓanya kanta da su, aikin gyaɗa ya kwanta. A 2007 masana a ƙasar Sikotilan suka gano har wani furotin na tsiro mai suna fibrilarin take janyewa daga mazauninsa, ya taimake ta bin jijiyar abinci ta kai sabon toho.

Abin mamaki, ko riga ba ta da ita. Sai ta ari ta wata bairas 'yar'uwarta kafin darɓa, ƙwarin nan masu tsotsar ganye, su iya ɗaukarta zuwa wata shuka.

Shi ya sa wanda ya sayi magani don ya warkar da gyaɗar da ta kamu ya yi asarar kuɗinsa, gama da kayan shukar take aiki. Tare hanya ake yi. A shuka gyaɗa da ruwan fari, a matse ramuka don ganye ya rufe ƙasa da wuri, darɓa sun fi sauka inda shuka ta yi tsilla-tsilla. A tumɓuke gyauro da rani, nan cutar ke fakewa. Ba ta bin iri, amma a nemi Samnut 23 ko Samnut 24 na Samaru wajen malamin gona, su suna jure mata.