Wanki Da Tsaftar Gida Inda Akwai Ƙananan Yara

Gidan da akwai mai rarrafe, wanki ba ya ƙarewa. Da safe tumbuɗi ne a kafaɗar uwa, da hantsi koko a gaban riga, kafin la'asar an tsoma hannu a miyar manja an goge a zanen gado. Haka reno yake, babu abin kunya a ciki. Abin da ya sa aka rubuta wannan takarda shi ne ganin yadda iyaye mata da yawa, saboda son tsafta, suka koma dogara ga magunguna masu ƙarfi na kanti, har wasu na ganin in ɗaki bai ɗauki warin magani ba, to bai tsaftata ba. Alhali kuwa yaron da ake yi domin shi, shi ne ya fi kowa kusa da ƙasa. A nan yake rarrafe, ya dafa daɓe da tafin hannu, ya kai hannun baki. Fatarsa ta fi ta babba laushi, jikinsa kuma ƙarami ne, don haka ɗan abin da babba ba zai ko ji ba, shi yana iya kwantar da shi.

Da farko a san cewa tabo iri-iri ne, kowanne da makarinsa. Abin da ya fito daga jiki, watau jini da nono da tumbuɗi da majina da kashi, a haɗa da ƙwai da madara, ruwan sanyi ake fara sa masa. Dalili shi ne akwai sinadarin furotin a cikin waɗannan abubuwa, zafi kuwa daskarar da shi yake yi, kamar yadda farin ƙwai ke yi in ya sauka a kasko. Wadda ta kwara tafasasshen ruwa a kan tabon jini ta dafa shi ke nan a cikin zaren tufa, sai dai ta yi ta cuɗa har hannu ya yi ja. Na biyu, a yi hanzari. Tabon da aka ɗauraye nan take da ruwa zalla sau da yawa ba ya ma bukatar wani abu, amma in ya kwana ya bushe, aikin ya ninka.

Bari mu ɗauki tsumman jariri, tun da shi ne wankin kullum. A fara kankare kashin da ɗan tsinke ko ɓallin kwali a jefa a masai, ba a kwata ba. A juya tsumman, a zuba ruwan sanyi ta bayansa yadda ruwan zai turo dauɗar waje maimakon ya tura ta ciki. A goga sabulu a kan wurin, a jiƙa a bokiti kamar minti 30, sannan a cuɗa. Yanzu ne ruwan zafi ke da amfani, bayan dauɗar ta fita. A ɗauraye sau biyu ko uku har ruwa ya daina santsi, domin ragowar omo da ta maƙale a tsumma na daga cikin abubuwan da ke sa cinyoyin jariri su yi ja su yi ƙuraje. Za ki ga ɗan rawaya-rawaya ya saura. Kada ki damu da shi, ki baza tsumman a kan igiya da danshinsa, gefen tabon yana kallon rana. In kika dawo kwasa da yamma, galibi sai ki neme shi ki rasa. Bokitin jiƙon nan kuwa a rufe shi a ɗora sama. Yaro mai koyon tafiya kansa ya fi ƙafafunsa nauyi, in ya leƙa ya faɗa ba ya iya fitowa, kuma ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi.

Ranar nan da Allah ya hore mana kyauta, ita ce babban maganin tabo a ƙasarmu. Haskenta yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, yana kuma cinye launi. Manja ma da ake tsoro, rana ce makarinsa. In ya zuba a riga, a barbaɗa garin sitaci ko garin alli ya tsotse maiƙon, a kakkaɓe, a goga sabulu da ruwan ɗumi, sannan a shanya. Jan da ya saura ba ya jure rana. Sai dai abin da rana ke yi wa tabo shi take yi wa rini, saboda haka atamfa da shadda mai launi a juya cikinsu waje, a shanya su a inuwa.

Zoɓo da shayi da goro da ruwan 'ya'yan itace, nasu hukuncin daban ne. Kada a fara goga musu sabulun sanda, yana iya zaunar da tabon. A ɗauraye da ruwa, a matsa lemun tsami, a bari na ɗan lokaci, sannan a wanke. Tsatsar da wayar shanya ko fil ya bari a farar riga, lemun tsami da gishiri ake sa mata a ajiye a rana. Bilic ba ya fitar da tsatsa, ƙara kama ta yake yi. Kafin a sa lemo a tufa mai launi, a gwada a cikin kalmasa inda ido ba ya gani. A kuma wanke hannu bayan an matsa, domin ruwan lemun tsami in ya zauna a fata rana ta doke shi, yana iya ƙona wurin. Cingam a ɗora masa ƙanƙara ya sandare a ɓamɓare. Tabon lalle kuwa, a yi haƙuri, sai wanki ya yi ta cin sa.

A madafi, iyayenmu sun daɗe da sanin aikin toka. In ta haɗu da ruwa tana yanke maiƙo, in ta haɗu da mai kuma sai ta fara zama sabulu. Asalin sabulun salo ke nan: ruwan toka da mai irin su man kaɗe ko man alayyadi. Mace mai dabara tana shafe gindin tukunya da jiƙaƙƙiyar toka kafin ta ɗora a murhu, in an sauke baƙin ya fita ba wahala. Amma tokar itace ko ta kara ake nufi. Tokar bola, inda aka ƙona leda da roba da tsofaffin batura, guba ce, kada ta taɓa kwanon abinci. Kanwa ma tana yanke maiƙo, kuma a wuraren da ruwan rijiya ko na burtsatse ba ya barin sabulu ya yi kumfa, ɗan ruwan kanwa a bahon wanki yana gyara shi. Kada dai a jiƙa tukunyar alminiyam a cikinta, za ta dushe ta yi baƙi. Tsamiya da gishiri suna fito da hasken kayan tagulla da jan ƙarfe. Akwai wata dabara da ke yawo a wayoyi, wai a haɗa ruwan kal da bekin soda a kwano guda. Kumfar da ke tashi tana burge ido, amma tsami da kanwa kashe juna suke yi, abin da ya saura bai fi ruwan gishiri ba. Kowanne a yi aiki da shi shi kaɗai.

To, kada mai karatu ya zaci duk abin da aka ce na gida ne ba ya cutarwa. Ruwan toka mai ƙarfi yana cin hannu, in ya faɗa ido kuwa babbar magana ce. Wadda ta fi su haɗari ita ce sodar haɗa sabulu. Mata da yawa sun koyi sana'ar sabulun ruwa da na sanda, sana'a ce mai kyau, Allah ya sa albarka. Sai dai soda in an jiƙa ta fari tas take, ba launi ba wari, ido ba ya bambanta ta da ruwan sha. Yaron da ya kurɓa, tana ƙona masa baki da maƙogwaro, wani bayan ya warke hanyar abincin ta tsuke, ya shekara ana kai shi asibiti. Mai wannan sana'a ta yi haɗinta lokacin da yara ba sa kusa, kuma kada ta taɓa zuba soda a kofi ko robar ruwan sha.

Bilic, irin su Hypo da Jik, yana da ranarsa, kuma ranar ita ce ranar ciwo. A shekarar 2021 annobar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,500, jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A irin wannan hali lemun tsami da toka ba za su tsaya a madadin bilic ba, wanda ya ce miki za su tsaya ya cuce ki. Ga daɓe da shimfiɗa da tufafin mai gudawa, ma'aikatan lafiya suna amfani da haɗi mai ƙarfin kashi 0.2 cikin 100. In an rubuta kashi 3.5 a jikin robar, wannan yana nufin kofi 1 na bilic a kofi 16 na ruwa. A fara wanke wurin da sabulu, domin dauɗa tana rage masa ƙarfi. A haɗa da ruwan sanyi, a buɗe taga, a fitar da yara har wurin ya bushe, kuma a haɗa na yini guda kawai. Amma gogen ɗaki na yau da gobe, ruwa da sabulu sun wadatar.

Doka guda ce a kan bilic wadda ba a sassauta ta: ba a gauraya shi da komai sai ruwa. In ya haɗu da maganin wanke masai irin mai cin ƙarfe, ko da ruwan kal, ko da lemun tsami, yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe mutum. In aka zuba shi a fo mai fitsari ma yana tayar da wata iska mai yaji a ido da ƙirji. Banɗakunanmu kuma ƙanana ne, da yawa ba taga, uwa kuma takan shiga da goyo a baya. A zubar da abin da ke cikin fo, a ɗauraye, sannan a sa magani.

Kafur ɗin nan fari mai kama da alewa da ake jefawa a akwatin kaya, a nisanta shi daga kayan jariri. Akwai yara da yawa a ƙasashenmu, musamman maza, da ake haifa da wani rauni a jini wanda likitoci ke kira G6PD. Irin wannan yaro ko warin kafur a tufa yana iya farfasa masa ƙwayoyin jini, shawara ta kama shi, in ta yi tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwa. Iyaye kuwa galibi ba su san ɗansu na da raunin ba. Kayan da aka wanke suka bushe sarai a rana ba sa bukatar kafur. Haka fiya-fiya: maganin ƙwarin gona ne, ba na ɗakin kwana ba, shi ya sa a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irinsa mai suna Sniper a kasuwanni da kantuna.

Saura ruwan da muka zubar. Yana fita ta rariya mu manta da shi, amma bai ɓace ba. A Kano, ruwan kwatocin birni yana gangarawa kogin Jakara, a gefen kogin kuma manoman rani suna ban ruwa ga latas da alayyafo da karas, waɗanda ke dawowa kasuwa mu saya. Wasu nau'o'in omo suna ɗauke da sinadarin fosfet, wanda taki ne, in ya taru a tafki sai gansakuka ta rufe ruwa kifi ya rasa iska. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita shi a omon wanki tun 2013. Mu abin da ke hannunmu shi ne awo. Yawan kumfa ba shi ne fitar dauɗa ba, ƙarin ɗauraya ne kawai da ƙarin kuɗin mai garuwa. Ruwan ɗauraya na ƙarshe a yayyafa shi a tsakar gida kafin shara, ƙura ta kwanta, ko a ba bishiya. Ruwan kanwa da na bilic kada su je gindin shuka, suna ɓata ƙasa. Ruwan tsumman jariri masai ne wurinsa. Ledojin omo kuma a tara su a kwandon shara, domin su ne ke toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin ƙwai.

Maigida, ga naka aikin. Ka kafa kanta a sama inda yaro ko ya taka kujera ba zai kai ba, ko ka sa wa ɗan akwati kwaɗo. Bilic da soda da kananzir da maganin ƙwari duk su zauna can, kowanne a cikin mazubinsa na asali. Kananzir a kwalbar lemo shi ne tarkon da ya fi kama yara. In tsautsayi ya gitta yaro ya sha ɗaya daga cikinsu, kada a sa masa yatsa a baki don ya yi amai, kada a ɗura masa manja. Soda in ta dawo da amai ta sake ƙona inda ta bi, kananzir da manja kuma suna iya sarƙewa su shiga huhu. In a ido ko a fata abin ya zuba, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15. Sannan a ɗauki yaron, a ɗauki robar abin da ya sha don likita ya gani, a nufi asibiti nan take, ko da yaron yana wasansa kamar babu abin da ya same shi.