Tarin Da Ba Na Tsufa Ba

Da wuya a rasa wata dattijuwa a unguwarku wadda tari ya zame mata jiki. Da asuba sai ta yi ta kaki kafin ƙirjinta ya washe. In ta ɗebo ruwa daga rijiya sai ta tsaya tana haki, in kuwa hunturu ya sauko da ƙurarsa to sai kwanciya. Ka tambayi mutanen gidan su ce maka tsufa ne, ko sanyi ne ya shige ta. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Akwai ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda likitoci ke kira COPD, kuma yana cikin cututtukan da aka fi kasa ganewa a ƙananan asibitocinmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ya kashe mutum wajen miliyan 3.5 a shekarar 2021, shi ne na huɗu a jerin abubuwan da ke kisa a duniya. Cikin waɗanda yake kashewa tun ba su kai shekara 70 ba, kusan kashi 90 cikin 100 mutanen ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne da matsakaita.

Ga yadda yake aukuwa. Hayaƙi ko ƙura in suka daɗe suna shiga ƙirji, hanyoyin iska na cikin huhu sai su kumbura, su cika da majina, su ƙuntace. Ƙananan jakunkunan da ke ƙarshensu, inda iska ke ratsawa zuwa jini, su ma sai su saki kamar tsohuwar roba. Iska ta shiga, fitarta ta zama aiki. Abin da ya lalace ba ya komawa yadda yake, amma ana iya rage saurin ɓarnar, kuma nan ne amfanin ganewa da wuri yake.

A Turai da Amurka taba sigari ce babbar sila, tana da alhakin fiye da kashi 70 cikin 100. A ƙasashe irin namu rabonta bai wuce kashi 30 zuwa 40 ba. Saura kuwa, babban kaso daga murhu yake. Matar da ta shekara talatin tana hura ɗanyen itace, ko kara, ko kashin shanu, a madafin da ba taga, ta shaƙi hayaƙin da ya isa ya lalata mata huhu, ko da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba. Haka mai tuyar ƙosai, da mai ƙona gawayi, da mai injin niƙa, da mai fasa dutse. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke shi ma yakan rage da tabo a huhu da ke jawo irin wannan toshewa.

To me ya sa ba a gane shi? Bi mai tarin ka gani. Farko kemis za ta aika, a ba ta maganin tari na kwalba da kafso. Ta ɗan ji sauƙi, bayan wata biyu ya dawo. In ta isa asibitin sha-ka-tafi, malamin asibiti zai sa a gwada kakinta don neman tibi, wato tarin fuka, kuma daidai ya yi, domin tarin da ya wuce mako biyu dole a fara da wannan. Kuskuren yana zuwa ne bayan sakamako ya fito babu tibi. Sai a ce mata, "Baba, ba komai, ki je ki sha wannan." Rashin tibi bai nuna huhu lafiya yake ba. Wani lokaci kuma a ce asma ce, alhali asma galibi tun ƙuruciya take farawa, ta taso ta lafa, wannan kuwa yakan bayyana ne bayan shekara 40, kullum yana ƙaruwa.

Ita ma mai ciwon tana taimakawa wajen ɓoye shi ba da saninta ba. Da ta ga daka yana sa ta haki sai ta bar wa jikoki, ta rage zuwa unguwa. In an tambaye ta numfashi sai ta ce da sauƙi, don ta daina duk abin da ke tayar da shi.

Hoton ƙirji kaɗai ba ya tabbatar da ciwon. Abin da ke tabbatarwa gwajin hurawa ne da na'urar sifiromita. Za a ba mutum maganin buɗe hanyoyin iska ya shaƙa, sa'an nan ya cika ƙirji ya hura iyakar ƙarfinsa. In iskar da ta fita a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na dukan abin da ya huro ba, akwai toshewa. Ba allura, ba ɗibar jini, amma na'urar galibi sai a manyan asibitoci. A ganina rashinta ba hujja ba ce. Tambaya ba ta cin kuɗi: da me kike girki, shekara nawa, akwai taga, an taɓa yi miki maganin tibi? Malamin da ya yi waɗannan tambayoyi ya san wanda zai rubuta wa takardar turawa gaba.

Wanda aka tabbatar masa da ciwon, ya bar taba gaba ɗaya, har da shisha. A fitar da murhu fili ko a buɗe wa madafi taga, a busar da itace, mai hali ya koma gas. Maganin shaƙa ba ya kama jiki kamar yadda ake jita-jita, sai dai a nemi malamin asibiti ya nuna yadda ake amfani da shi, don da yawa a baki suke zubar da shi bai kai huhu ba. A riƙa ɗan tattaki kullum, kwanciya ƙara raunana mutum take yi. In kuwa kaki ya sauya launi, ko ƙafafu suka kumbura, ko haki ya hana mai ciwon ƙarasa magana, kada a jira gari ya waye, a kai shi asibiti a daren.